Ƙulli Uku

Ranar da na ajiye muƙami
na miƙa makullin motar kamfani,
Kwabena direba ya tsaya yana kallona
kamar an ce masa kogi ya hau tudu.
Shekara goma sha tara a hawa na bakwai a Akra,
ban taɓa buɗe wa kaina ƙofa ba.

Ga ni yau a Kumasi cikin torotoro,
jakar takardu a cinya,
kwandon busasshen kifin wata tsohuwa a kan takalmina.
Yaron mota ya miƙo hannu,
na ba shi sidi ɗari biyu,
ya duba takardar, ya dube ni, ya yi tsaki.

Aji ya cika har bakin taga,
mutum ɗari da ashirin, kowa da waya a tafin hannu.
Na zo da hotuna arba'in:
jadawalin riba, layi mai hawa kamar hayaƙi,
ni da kwat ina yanka ƙyalle.
A hoto na shida wuta ta ɗauke.
Fanka ta yi juyi biyu ta haƙura.
Na ji gumi yana bin bayana,
ni da na sallami mutum sittin a wuni ɗaya
muryata ba ta yi rawa ba.

Sai wata yarinya a layin baya,
Mardiya, 'yar Aboabo, mai sayar da turare ta waya,
ta ɗaga hannu:
"Malam, ka taɓa karyewa?"

Ba ya cikin manhaja.
Na buɗe baki in ce mu koma kan darasi,
sai albasa ta faɗo mini,
buhu ɗari uku daga Bawku,
mota ta lalace a Tachiman kwana tara cikin damina.
Da hancina na fara sanin hasara
tun kafin a kwance tamfol.
Kuɗin na kawuna ne. Har ya rasu bai gaishe ni ba.

Wayoyi suka kwanta a kan tebur, ɗaya bayan ɗaya.

Na ce musu uwata, Inna Lantana,
koko da ƙosai take sayarwa a bakin masallaci,
ba ta san baƙi ba, ba ta san biro ba.
Bakin zanenta ƙulli uku ne:
ɗaya na gero,
ɗaya na gawayi da mai,
na ukun, ɗan ƙarami, shi ne namu.
An taɓa koro ni kuɗin makaranta,
na yi birgima a tsakar gida,
tana kallona, idonta ya ciko,
ba ta kwance ƙullin gero ba.
Na yi shekaru ina riƙe da ita a zuci.
Sai da na biya dala dubbai a ƙasar sanyi
wani farfesa ya koya mini sunan abin da take yi.

Wani ya tambaya ko zai fito a jarrabawa.
Na ce ban sani ba tukuna.

Albashina yanzu bai kai kuɗin mai na da ba.
Matata ta ce in dai ba asiri aka yi mini ba, to tsufa ne.
Da dare ina duba takardunsu da fitilar waya,
rabi kwafe, rabi mafarki,
wani yana son kiwon dodon koɗi a bayan ɗakin kwanansu,
lissafinsa duk a karkace,
amma na karanta sau uku.

Da asuba na tsaya wurin mai koko a bakin ƙofar jami'a.
Yau ma ba ni da canji.
Ta ce, "Tafi, malam, ka kawo gobe,"
ta kuwa ƙare wa fuskata kallo,
irin kallon da Inna take yi
kafin ta ba mutum bashi.